Mai Yasar Rijiya da Amininsa

Ɗan'uwa, ka ce mai zuciyar kirki ba ya faɗawa halaka? To, saurara.

An yi wani mai yasar rijiya, mutum mai sanyin hali, wanda ba ya iya ƙaryata kowa. Wata shekara da rani ya yi tsanani, amininsa, wanda aka yi musu kaciya rana ɗaya, ya roƙe shi ya yashe masa tsohuwar rijiyar gonarsa, don shanunsa na mutuwa da ƙishirwa. Rijiyar kuwa ta shekara bakwai a rufe. Masu wannan sana'a suna da ƙa'ida: ba a shiga irin wannan rijiya sai an zura fitila da igiya. In wutar ta mutu, akwai gurɓatacciyar iska mai shaƙe mutum a ƙasa, sai a bar bakin a buɗe na kwanaki. Aka zura fitila, ta mutu. Aka kunna aka sake zurawa, ta sake mutuwa. Yayan mai yasa, mai riƙe masa igiya, ya ce a tashi, sai bayan mako. Amma aminin ya dage cewa lagwanin ne ya lalace, ai shi ya san rijiyarsa tun tana ta kakansa. Ba mugunta ba ce, kukan shanu ne ya toshe masa kunne.

Mai yasa ya san abin da idonsa ya gani. Sai dai ina zai sa fuskarsa in ya musa wa aminin shekara arba'in? Ya ce, "Yaya, wannan ba zai cuce ni ba." Ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka. Bai yi nisa ba kansa ya fara juyawa, ya buɗe baki zai yi kira, murya ta ƙi fita. Da ƙyar aka jawo shi sama kamar buhun gero. Ya rayu, amma ɓarin jikinsa na dama bai sake motsi ba, ga 'ya'ya huɗu suna kallonsa. Aminin ya fi kowa kuka, sai dai kukan bai tayar da mai yasa tsaye ba.

Wallahi tausayinsa nake ji, ba zaginsa nake yi ba. Ubangiji bai bar shi cikin duhu ba: ya nuna masa sau biyu, ya kuma sa mai gargaɗi a gefensa. Shi ne ya jingina ransa ga ɗan adam, wanda komai ƙaunar da yake maka, ba ya ganin ƙasan rijiya. Shi ya sa magabata suka ce, in kunne ya ji, jiki ya tsira.