Tandun Kwallin Inna

Ranar ƙaramar Sallah ce da la'asar, a gidanmu na Zurmi. Ina cikin ɗaki, kwantsa ta liƙe mini idanu, ina jin ƙawayena suna wucewa yawon Sallah. In tashi, in zauna, in sake kwanciya. Ƙanwata Hassi tana gefena tana kuka, tana murzar nata idon.

Inna ta shigo da ruwan ɗumi. Ta ce, "Hwaɗa min gaskiya, wa kinka ba aron tanduna?"

Na ce 'yan ajinmu ne, mu bakwai muka sa kwallin da tsinke ɗaya, har da wadda idonta ya yi ja. Da na dawo kuma na rambaɗa wa Hassi.

Ba ta doke ni ba. Na dai ji takunta ya nufi murhu, can sai ƙaurin fata ya cika gidan, ashe tandun ta jefa a wuta. Tandun nan shi kaɗai ta gada daga mahaifiyarta.

Da ta dawo ta ce, "Tandu ana samun wani, ɗiyata. Ido hwa?"

Har yau in na ga mai kwalliya tana zagaya idanun 'yan biki da jagira ɗaya, zama gagara ta yake yi. Sai na tashi na yi magana, ko da za a ce na cika shisshigi.