Furen Malam Barau

Kullum da hantsi Tani takan jawo mijinta har bakin rumfa, ta jingina shi da bango, ta juya fuskarsa wajen tukwanen, sannan ta ɗauko buta.

Malam Barau tsohon malamin gona ne a Rogo. Shekara goma sha uku da suka wuce ya zo da wani tsiro daga Jos, mai kaurin ganye kamar yatsun jariri, wanda babu irinsa daga nan har Karaye. Yakan ɓalle ganye, ya shanya shi kwana uku, ya kwantar da shi kan yashi har ya yi saiwa. Da haka ya cika tukwane tara. Gidan babu yaro, shi kuwa yakan ce ga 'ya'yansa nan. Har dagaci ya roƙi ganye ɗaya, ya hana shi.

Sai shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, ta tafi da bakinsa.

Tani ta karɓi aikin. Kowace tukunya buta guda da safe, buta guda da yamma, a gaban idonsa. Shi kuwa ya yi ta gurnani, hawaye na bin kumatunsa. Maƙwabta suka ce godiya yake yi, mace irin Tani sai an tona. Ganyen suka yi rawaya, suka yi laushi, suka dinga zubewa. In tukunya ta mutu, sai ta ƙara wa sauran ruwa.

Saura tukunya ɗaya, Isyaku abokin aikinsa na da ya zo dubiya daga Kafin Dafga. Ya tura yatsa cikin ƙasar, ya ji caɓi, ya yi salati. Ya ce wannan tsiron sau ɗaya a wata yake shan ruwa, yawan ruwa ne ajalinsa.

"Ayya, Malam Isyaku, ina ni ina sani? Gani na yi yana sonsu."

Isyaku ya ba ta haƙuri, ya ce kada ta ƙara ko ɗigo, wataƙila wannan ta farfaɗo. Ya tafi cike da tausayinta.

Ta raka shi zaure, ta dawo ta cika buta, ta gyara wa mijinta zama. Ta tsiyaye ruwan butar a cikin tukunyar a hankali, sannan ta durƙusa daidai kunnensa.

"Malam, ka tuna ranar da na zuba wa tsiron nan kofi ɗaya, ina da cikin wata bakwai, ka haure ni? Da yanzu yaron nan ya gama firamare."