Kwamfutar Baban Fayil

Karo na uku ke nan a wata guda da Injiniya ya ja kujera gaban kwamfutar Baban Fayil yana sake ɗora mata manhajar buɗe takardu. Manhaja ce ta kyauta, wadda ake saukewa daga intanet a saka cikin minti biyar. Kwamfuta goma sha huɗu ne a wannan kamfanin sufuri, duk suna zaune lafiya da ita, ban da ta tsohon da ke kula da takardun kaya.

"Ni dai na zo da safe na tarar babu," in ji Baba, yana nuna allon da yatsa ɗaya daga nesa, kamar mai nuna kunama.

Injiniya ya danne dariyarsa ya yi bayani a hankali, yadda ake yi wa tsofaffi. Manhaja ba ta da ƙafa, ba ta fita yawo. Baba ya gyaɗa kai ya ce ilimin zamani sai 'yan zamani, sannan ya tambaya ko an rubuta aikin a littafi.

Wannan littafin shi ne abin da ke hana Injiniya sukuni. Wata biyu da suka wuce manaja ya faɗa a taron ma'aikata cewa bai ga amfanin ajiye mai gyara na dindindin ba, tunda komai na tafiya daidai. Zai duba littafin gyare-gyare bayan wata uku, in aikin bai taka kara ya karya ba, sai sallama. Abin haushin shi ne Injiniya da kansa ya saita na'urorin har suka daina lalacewa. Ga matarsa da tsohon ciki. Ranar da ya fito daga taron bai ma lura da wanda ya riƙe masa ƙofa ba.

Sai ga matsalolin Baba sun fara zuwa, faɗuwa ta zo daidai da zama.

Wani makon manhajar ta koma tsohuwar siga, ta ƙi buɗe sababbin takardu sai da aka sabunta ta. Wani makon duk takardar da aka danna sai ta buɗe a wurin kallon hotuna. Akwai ranar da rubutun manhajar ya rikiɗe zuwa wani harshe mai lanƙwashe-lanƙwashe, Injiniya ya yi ta laluben hanya har gumi ya jiƙa masa riga. Akwai kuma ranar da aka buga takardar kaya ta fito da haruffa ƙanana ƙwarai, sai ka ce tururuwa ce ta bi layi. Allah dai ya taimaka, ko takarda ɗaya ba ta taɓa salwanta ba, kuma abin bai taɓa faɗawa ranar da direbobi ke jira a ƙofa ba.

Baba ba ya sa hannu a littafin sai ya karanta. In ya ga layi ɗaya sai ya tura shi baya ya ce yaran yanzu ba sa son rubutu, a faɗi abin da ya lalace, da yadda aka gano shi, da lokacin da ya ci. Injiniya kan ƙara layi uku yana gunaguni a zuci. Ya sha yi wa tsohon tayin sabon kibod na buga rubutu, don haruffan nasa duk sun goge, amma Baba ya ce su biyun sun saba.

A gida kuwa Baba ya zama abin nishaɗi. Injiniya kan ɗaga yatsa ɗaya sama, ya yi ta shawagi da shi yana neman harafi, matarsa na dariya tana riƙe ciki tana cewa ya ji tsoron Allah. Yakan ji 'yar kunya daga baya, amma gaskiya ita ce har addu'a yake yi kada tsohon nan ya waye kafin wata uku su cika.

Ranar duba littafi manaja ya yi ta buɗe shafuka yana girgiza kai. Gyara ashirin da ɗaya, goma sha shida daga ɗakin fayil. Ya ce ashe aiki na nan, ya ƙara wa Injiniya wata shida, bayan nan a sake dubawa. Ya kuma ce wannan tsohon ya kamata a tura shi ajin koyon kwamfuta. Injiniya ya taya shi dariya, har da cewa ai ajin ma sai an yi wa malamin addu'a.

Ya fito bakinsa har kunne. Bai taɓa shiga ɗakin fayil ba sai an kira shi, amma yau ya ga ya dace ya leƙa ya gaishe da mutumin da rashin iyawarsa ya tsare masa abinci. Lokacin hutun rana ne, kowa ya watse. Tun daga barandar ya jiyo ƙarar kibod kamar ruwan sama a kan kwano, ya ɗauka Baba ya yi baƙo. Ya tura ƙofar a hankali.

Baba ne shi kaɗai, yatsu goma na gudu, ko kallon kibod ɗin ba ya yi, ya kutsa can cikin saitin manhajar inda shi kansa Injiniya sai ya yi bincike yake kaiwa. Tsohon ya hango inuwar Injiniya a gilashin allon, bai ko juyo ba ya ce, "Koma ofishinka ka jira kira, ɗana, na wannan makon ban gama ɓata shi ba tukuna."