Rakiyar da Lif Ya Hana

Tun da ambaliya ta cinye tsofaffin unguwanni, mutanen Zariya suka koma dogayen benaye, kowane gida da lif ɗinsa mai hawa da sauka da mutane. Doka ta ce kafin ya motsa sai ya saurari bugun zuciyar masu shiga. In bai gamsu ba, cewa kawai yake yi, "A huta a gida yau." Kowa ya san wanda aka faɗa wa haka ba ya kai mako.

Ran nan Saratu ta kawo wa mahaifinta, Malam Tanimu, dambu. Da ta tashi tafiya ya jawo sandarsa.

"Baba, ka zauna mana, ga ciwon ƙafa."

"Tun yaushe ake barin gidana ba rakiya? Wuce mu je."

Suka shiga lif, ƙofa ta ƙi rufuwa. Muryar lif ɗin ta ce a hankali, "A huta a gida yau."

Saratu ta riƙe hannun rigarsa. Shi kuwa murmushi ya yi, don ya daɗe da ajiye likkafaninsa.

"Kada ki yi kuka, shekara tamanin ba wasa ba. Je ki, yara na jira."

Ya fito yana ɗaga mata hannu, yana jiran ƙofa ta rufu. Ba ta rufu ba, ga shi Saratu ce kaɗai a ciki.

"A huta a gida yau."

Malam Tanimu ya yar da sanda ya koma ciki.

"Da ni kake," ya ce wa lif ɗin. "Ka ce da ni kake."