Rufin Ɗakin Kafarnahum

Tun da ka ce ba ka ga amfanin binciken zamanin da Yesu Almasihu ya zauna a duniya ba, wai abin da aka rubuta ya isa, to, saurara.

An yi wani mai wa'azi a wani ƙauye inda ba a san ɗaki ba sai na jinka. Wata Lahadi ya karanta wa jama'a labarin shanyayyen nan da mutum huɗu suka hau da shi kan ɗaki a garin Kafarnahum na ƙasar Galili, suka huda rufin, suka zuraro shi gaban Yesu. Sai wani tsoho mai baibaya ya ce, "Malam, shekara arba'in ina hawa jinka, ni kaɗai ma sai da dabara. Ƙarti huɗu da majiyyaci? Haba, Malam!" Aka kwashe da dariya. Shi kansa mai wa'azin ma jinka yake gani in ya karanta wurin. Tun daga ranar kujeru suka fara zama wayam, ana cewa littafin Malam tatsuniya ce.

Abin ya ci masa rai, amma ya ƙi rufe bakin tsohon da tsawa. Da aka gama girbi ya ɗauki sandarsa, ya yi tafiyar kwana uku a ƙasa zuwa makarantar mishan inda ya yi karatu. Malamansa duk sun rasu, gara ta ci rabin littattafan. Ya zauna sati biyu yana bin ragowar shafi-shafi, har ya tarar da bayanin masu tonon kufai: ɗakunan Galili na lokacin shimfiɗaɗɗen rufi gare su, a jera itace, a ɗora rassa, a dalaye da laka, ga matakala ta waje. Bai tsaya nan ba. Ya biya ta birni, ya yi wa wani magini leburanci har ya iya jera azara. Da ya komo gida bai yi gardama da kowa ba, ƙasa ya kwaɓa. Kafin damina ya tayar da ɗan soro, ya sa mutum huɗu suka hau, suka huda rufin da fartanya, suka zuraro buhun dawa a kan tabarma. Tsohon nan ya daɗe yana duban ramin, sannan ya ce, "Ashe soro ne! Ai da ka faɗa tun farko." Lahadin da ta biyo, har a ƙasa aka zauna.

Shi ya sa Hausawa suka ce gani ya kori ji.