Sarkin Rum Mai Bille

An yi wani attajiri da ya daɗe yana fatauci tsakanin Kano da Turabulus. A can ya kamu da son tsofaffin kuɗin azurfa na daular Rum, waɗanda aka buga kan sarki a jikinsu. Ya ƙware har ta kai da ganin hanci ko gemu zai gaya maka wane sarki ne, tun bai karanta rubutun da ke kewaye ba. Tsaba ɗaya ce ta gagare shi, ta wani sarki da ko ɗumama gado bai yi ba ya mutu, shi ya sa kuɗinsa ke wuyar samu. Attajirin nan ba shi da hira sai ta wannan sarki, ko a ɗaurin aure ko a zaman makoki: wai mai kaurin wuya ne, ga kumatu, ga hanci kamar an danna. Ashe wani maƙerin azurfa na gefe ya kasa kunne.

Ba a jima ba sai ga dillali da tsabar ƙulle a tsumma, ta yi baƙi, har da ƙasa a jikinta. Attajiri ya saya nan take, ko tayi bai yi ba. Da ya kanga gilashi ya duba da kyau, sai ga bille kwance a kumatun sarki. Ya fara zargin ko jabu ce. Amma da ya sake kallon wuyan nan, sai ya ce a ransa, ai ƙasar Rum da faɗi take, wa ya ce ba su da wanzamai? Ya tara abokai a zaure don su shaida shi ne ya fara gano Rumawa ma suna tsaga, ya kira mai tsiren bakin kasuwa ya gasa musu nama. Ana cikin miƙa tsabar hannu zuwa hannu, mai tsire ya juya gefe yana fifita wuta, sai ga bille a kumatunsa, ga kaurin wuya. Wani tsoho ya dubi azurfa, ya dubi mai tsire, ya ce, "Alhaji, ga sarkin naka can yana barbaɗa yaji." Da aka tambayi mai tsire, ya ce lallai maƙeri ya taɓa zaunar da shi ya hana shi motsi, wai zai sa masa fuskarsa a zobe. Zaure ya kaure da dariya. Attajiri ya karɓe abarsa, ya goge ta da bakin riga, ya ce ai Allah kan yi mutum biyu kama ɗaya, ya mayar da ita tsakiyar akwati, wurin da ya fi daraja.

Gaskiyar Hausawa da suka ce, so hana ganin laifi.