Fumfunar Farfesa

Ɗalibar na buɗe ɗakin gwaje-gwaje, ƙamshin sabulu ya tare ta. Farantan gilashinta arba'in suna kife a kan tebur, an wanke su fes. Shekara uku tana renon fumfunar da ke kashe ƙwayoyin cutar da suka gagari allura, ga shi soso ya gama da ita.

"'Yata, ƙazantar ta yi yawa," in ji mai shara. "Farfesa ya ce baƙi na tafe, a wanke komai."

Farfesa ya shigo yana huci. Bai taɓa tambayar ta inda ta samo fumfunar ba. Shi dai ya rubuta "ƙurmin daji" a takardar binciken don ya fi daɗin ji, ya ɗora sunansa a sama.

"Sai ki shirya ki koma inda kika ɗebo ta."

"To, ranka ya daɗe."

Ta sa safar hannu, ta ɗauki auduga, ta hau bene zuwa ofishinsa. Kofin shayinsa na nan a bayan littattafai, kore shar. Shi kam babu wanda ya isa ya wanke shi.